William Tuke, Mai Sayar Da Shayi Da Ya Kwance Wa Masu Taɓin Hankali Mari

 A filinmu na tarihin magabata na wannan mako za mu leƙa ƙasar Ingila, mu koma baya fiye da shekara 200, domin mu ji labarin wani dattijo mai suna William Tuke. Shi dai ɗan kasuwa ne mai sayar da ganyen shayi da kofi a birnin York, bai karanci aikin likita ba, bai kuma taɓa riƙe wata majami'a ba. Amma duk wanda ya bi tarihin jinyar masu taɓin hankali sai ya ci karo da sunansa, domin yana cikin mutanen farko da suka nuna a aikace cewa wanda hankalinsa ya gushe bai daina zama mutum ba, kuma riƙe shi da mutunci shi kansa babban magani ne. Ya fara wannan aiki yana da shekara 60, lokacin da tsararrakinsa ke neman inda za su zauna su huta.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi William Tuke ranar 24 ga Maris, 1732, a birnin York da ke arewacin Ingila. Iyayensa 'yan wata ɗarika ce ta masu bi da ake kira Ƙungiyar Abokai, wadda aka fi sani da 'yan Kweka. George Fox ne ya kafa ta a wajajen shekarar 1650. A lokacin, mutanen nan ba su da fastoci na albashi. In sun taru sujada sukan zauna shiru, sai wanda ya ji an ba shi magana ya tashi ya faɗa, mace ko namiji. Ba sa rantsuwa, ba sa zuwa yaƙi, kuma babbar koyarwarsu ita ce akwai hasken Allah a cikin kowane ɗan Adam, komai lalacewarsa. A riƙe wannan koyarwa da kyau, domin ita ce tushen duk abin da zai biyo baya.

A wancan zamani dokar Ingila ta hana irin waɗannan mutane shiga manyan jami'o'in ƙasar da riƙe muƙaman gwamnati, saboda haka yawancinsu suka rungumi kasuwanci, suka kuma yi suna wajen gaskiya a ciniki. Gwaggon William, wato Mary Tuke, ta buɗe kantin kayan masarufi a York a 1725, ta sha fama da ƙungiyar manyan 'yan kasuwar garin da suka so hana ta, amma ta jure. A wurinta William ya fara koyon ciniki yana ɗan shekara 14. Da ta rasu a 1752 sai kantin ya dawo hannunsa, ya raya shi har ya zama babban dillalin shayi da kofi da koko.

Ya auri Elizabeth Hoyland a 1754. Ta rasu a 1760 bayan ta haifa masa 'ya'ya biyar, wannan rashi kuwa ya girgiza shi ƙwarai, ya kuma sa ya ƙara ba da kansa ga al'amuran ibada. A 1765 ya auri Esther Maud, mace mai baiwar wa'azi, wadda daga baya ta kafa makarantar 'yan mata a York. Gidansu ya zama masaukin baƙi, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin dattawan da ake jin maganarsu a taron Abokai na yankin. Waɗanda suka san shi sun shaida shi da taurin kai a kan abin da ya gaskata, kuma yana cikin waɗanda suka ƙi cinikin bayi.

Halin da masu taɓin hankali ke ciki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san yadda ake riƙon mai taɓin hankali a Ingila ta wancan lokaci. Masana da jahilai sun haɗu a kan ra'ayi guda, wato hankali ne ya raba mutum da dabba, saboda haka wanda ya rasa hankali ya koma sahun dabbobi. Har ma ana cewa ba ya jin sanyi ko zafi kamar sauran mutane. Tun da haka ne, sai aka ɗauka hanyar sarrafa shi ita ce a sa masa tsoro har ya yi laushi, kamar yadda ake horar da doki mai gardama. Mari da sarƙa da bulala da ɗaki mai duhu su ne kayan aikin masu gadi. Likitoci kuwa maganinsu shi ne tsaga jijiya a zubar da jini, da ba da maganin amai da na zawo, da ƙona fata har ta yi bororo, da tsoma mutum cikin ruwan sanyi ba zato.

A babban asibitin Bethlem da ke Landan, har zuwa shekarar 1770 mutanen gari sukan biya 'yan kuɗi su shiga kallon majinyata don nishaɗi. Ko sarauta ba ta tsirar da mutum ba. Da Sarki George na Uku ya sami taɓin hankali a 1788, an sa masa rigar ɗaure hannu, an ɗaure shi a kujera, an ƙona masa fatar ƙafafu da sunan magani. To, in haka aka yi wa sarkin ƙasa, mai karatu ya auna abin da ake yi wa talaka.

Mutuwar Hannah Mills

A birnin York akwai gidan masu taɓin hankali da aka buɗe a 1777 da kuɗin taimakon jama'a, gini mai kyan gani daga waje. Ranar 15 ga Maris, 1790, aka kawo wata gwauruwa 'yar Kweka daga garin Leeds, sunanta Hannah Mills, tana fama da baƙin ciki mai tsanani. Da yake danginta suna nesa, sai suka roƙi Abokan da ke York su riƙa duba ta. Abokan suka je, aka hana su shiga, wai ba ta cikin halin da za ta ga baƙi. Ranar 29 ga Afrilu, wato bayan mako shida kacal, sai labari ya fito cewa ta mutu. Ba wani nata da ya gan ta, ba wanda ya yi addu'a tare da ita.

Abin ya tsaya wa Abokan York a rai, musamman William Tuke. An ruwaito cewa 'yarsa Ann ce ta fara tambayarsa dalilin da ya sa jama'arsu ba su da gidan kansu na kula da irin waɗannan 'yan'uwa. Tuke bai tsaya ga jita-jita ba, sai ya shiga zagaya gidajen da ake tsare masu wannan ciwo don ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. A asibitin St Luke da ke Landan ya tarar da wata mace ba sutura, tana kwance a kan ƙazamar ciyawa, an ɗaure ta da sarƙa a jikin bango. Wannan abu bai bar zuciyarsa ba har ƙarshen ransa.

A 1792 ya kai shawararsa gaban taron Abokai na yankin York, cewa a gina gida na musamman inda za a yi jinyar 'yan'uwa masu taɓin hankali cikin tausayi. Ba a karɓe ta hannu biyu ba. Waɗansu suka ce masu ciwon ba su da yawan da za a gina musu gida, waɗansu suka ce ai ciwo ne da ba ya warkewa, waɗansu kuma kunyar zancen ma suke ji. An ce ita kanta matarsa Esther ta yi shakkar abin da farko. Amma ɗansa Henry ya tsaya tare da shi, da waɗansu 'yan kaɗan. Shekara huɗu dattijon nan yana rubuta wasiƙu, yana bin taro taro yana roƙon gudummawa, har kuɗin suka taru. Esther ta rasu a 1794, ba ta ga buɗe gidan ba.

Gidan da aka kira Mafaka

Aka sayi fili mai eka 11 a kan wani tudu a bayan ganuwar York, inda iska ke kaɗawa, ana kuma hangen karkara. Aka yi ginin bulo mai ɗaukar majinyata 30, aka buɗe shi a watan Mayu na 1796. Matar ɗansa Henry ce ta ba da shawarar a kira shi Retreat, wato mafaka, wurin da wanda guguwa ta buga zai raɓa ya huta. Sun guji kiransa gidan mahaukata da gangan, don sun san suna kaɗai yana iya karya zuciyar mutum tun bai shiga ba.

Tsarin ginin ma wa'azi ne. Ba a sa sandunan ƙarfe irin na kurkuku a tagogi ba. An dai yi firam ɗin tagogin da ƙarfe don tsaro, amma aka shafe shi da fenti ya yi kama da katako. Akwai lambu da gonar kayan miya da shanun tatsa, a tsakar gida kuma aka zuba zomaye da kaji da waɗansu tsuntsaye, domin an lura cewa wanda ya daina magana da mutane yakan fara sakewa da dabba. Wani likita daga birnin Geneva mai suna de la Rive, da ya ziyarci wurin a 1798, ya rubuta cewa ya fi kama da babbar gona fiye da gidan tsaro. Masu hali suna biyan kuɗin jinya cikakke, talakawa kuwa ana rage musu.

Wanda aka fara naɗawa shugaban gidan, Timothy Maud, ya rasu bayan wata biyu, sai Tuke da kansa ya riƙe aikin har aka sami wani. A 1797 aka ɗauki George Jepson, wani masaƙi mai basira da ya ɗan san harkar magani. Ita kuwa mai kula da sashen mata sunanta Katherine Allen. Su biyun suka yi aure a 1806, suka zauna a gidan kamar uba da uwa har 1823. Gaskiya ita ce, yawancin dabarun jinyar da suka sa gidan ya yi suna daga hannun waɗannan biyu suka fito, Tuke kuwa shi ne ginshiƙin da suka jingina da shi, shi ne kuma ma'ajin gidan.

Yadda ake jinya a gidan

Likitan farko na gidan, Thomas Fowler, mutum ne mai gaskiya. Ya gwada magungunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, da zubar da jini da sauransu, ya zauna ya duba sakamakon, sai ya ga kusan duk ba su da amfani, waɗansu ma cutarwa suke yi. Ya faɗi haka a fili, ya kuma daina tilasta wa majinyaci shan abin da yake ƙi. Abin da ya ga yana taimako shi ne wanka da ruwan ɗumi, musamman ga masu baƙin ciki. Jepson shi ma ya lura cewa dabba in ta ƙoshi takan kwanta ta yi barci, saboda haka maimakon a ɗura wa wanda ya kasa barci magani mai bugarwa, sai a ba shi abincin dare mai nauyi, nama da burodi, sau da yawa kuwa barci ya ɗauke shi.

Dokar gidan ta farko ita ce ba mari, ba sarƙa, ba duka, ba tsoratarwa. Wanda aka kawo a ɗaure, a bakin ƙofa ake kwance shi. An rubuta labarin wani ƙaƙƙarfan mutum ɗan shekara 34 da aka kawo da ankwa a hannu, wanda a baya duk lokacin da ciwon ya tashi a ɗaure yake zama. Aka cire masa ƙarafan, aka shigar da shi ɗakin da shugabannin gidan ke cin abincin dare, aka ce ya zauna ya ci tare da su. Bayan an gama, shugaban ya raka shi ɗakinsa, ya gaya masa cewa burinsu shi ne kowa ya ji daɗin zama a gidan, yana kuma fata halinsa ba zai sa a matsa masa ba. Mutumin ya ji wannan karamci, ya yi alkawari zai kame kansa. In ciwon ya motsa har ya fara zage-zage, sai shugaban ya je ya zauna kusa da shi, ya bar shi ya amayar da abin da ke ransa, sa'an nan ya ja hankalinsa a hankali zuwa wani zance. Bayan kamar wata huɗu ya warke ya koma gida.

Abin da suka gano shi ne, da wuya ciwon ya cinye hankalin mutum gaba ɗaya. Kusan kullum akwai wani sashe da ya rage lafiya, wanda ke son a girmama shi, yake kuma jin kunya in ya yi abin da bai dace ba. Da wannan sashe suke magana. Ba sa gardama da majinyaci a kan ruɗin da ke kansa, don sun ga gardama ƙara kafe shi take yi, ba sa kuma yi masa magana kamar yaro. Sukan tambayi manomi zancen gona, su tambayi ɗan kasuwa zancen ciniki. Kowa ana ba shi aikin da zai iya, maza a lambu, mata ɗinki da saƙa da aikin gida, don sun ga zaman banza yana ciyar da ciwon gaba. Katherine takan shirya liyafar shan shayi ta gayyaci majinyata, su sa tufafinsu mafi kyau, a karɓe su kamar manyan baƙi, abin mamaki kuwa da wuya a ga wanda ya yi abin kunya a wurin. Ran Lahadi shugaban yakan karanta musu Littafi Mai Tsarki, waɗanda suka sami sauƙi kuma a tafi da su sujada cikin gari. Duk mutanen gidan, da ma'aikata da majinyata, iyali ake kiransu.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. In mutum ya tashi zai ji wa kansa ko wani rauni, akan sa masa rigar ɗaure hannu, ko a keɓe shi a ɗaki shi kaɗai har ya lafa. Bambancin shi ne ana yin haka ne in ba makawa, na ɗan lokaci, ba don horo ba. Akwai kuma masana na baya da suka soki tsarin, irin su Michel Foucault na Faransa a littafinsa na 1961, suna cewa an cire sarƙar ƙafa ne aka maye ta da tsoron ɓata wa shugabanni rai. Maganar tana da abin dubawa. Amma duk da haka, daga 1796 zuwa ƙarshen 1811 an karɓi majinyata 149, kuma cikin waɗanda aka kawo tun ciwon bai daɗe ba, fiye da rabi sun warke sun koma cikin iyalansu, a zamanin da ake cewa ciwon ba ya warkewa.

A daidai waɗannan shekaru, can birnin Paris na Faransa, likita Philippe Pinel da mai kula da majinyata Jean-Baptiste Pussin suna kan irin wannan hanya ta cire sarƙa. Kowane ɓangare ya fara nasa ne ba tare da sanin ɗayan ba.

Asirin tsohon gidan York ya tonu

A 1813 jikan William, wato Samuel Tuke, ya wallafa littafi mai bayyana yadda ake tafiyar da Retreat dalla-dalla. Likitan tsohon gidan York, Charles Best, ya ji kamar da shi ake, sai ya rubuta wasiƙar suka a jarida da sunan aro. Ashe ya tono wa kansa rami ne. Ana cikin musayar wasiƙu sai wani majistare mai suna Godfrey Higgins ya fito da nasa ƙorafin: wani talaka da ya aika gidan da ƙarfinsa ya dawo cikin ƙazanta da ƙwarƙwata, da tabon bulala a bayansa.

Dokar gidan ta ce duk wanda ya ba da gudummawar fam 20 ya zama ɗaya daga cikin masu gudanarwa. Sai masu neman gyara, har da William da Samuel, suka biya kuɗin suka shiga, suka tilasta a yi bincike. A ƙarshen Disamba 1813 gobara ta cinye wani sashe na ginin, majinyata huɗu suka mutu. A watan Maris 1814 Higgins ya je ba sanarwa, ya matsa aka buɗe masa wata ƙofa da ake ɓoyewa, ya tarar da ƙananan ɗakuna huɗu, ciyawar ƙasa ta jiƙe da fitsari da bayan gida. A sama kuma ya tarar da mata 13, waɗanda suka kwana a waɗannan ɗakuna, an cusa su cikin ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin da bai kai ƙafa 8 ba. Da aka bi lissafi sai aka ga mutum 365 ne suka mutu a gidan, amma 221 aka bayyana, wato an ɓoye mutuwar 144. Aka sallami ma'aikatan, likitan ma daga bisani ya ajiye aiki. Shekara 24 ke nan bayan mutuwar Hannah Mills.

A shekarar 1814 ɗin dai, wani mai neman gyara, Edward Wakefield, ya gano wani Ba'amurke mai suna James Norris a Bethlem, da ƙarfe a wuya da ƙirji, an haɗa shi da sandar ƙarfe a bango wajen shekara goma. Aka zana hotonsa aka watsa, ƙasa ta ɗauka. A 1815 Majalisar Dokoki ta kafa kwamitin bincike, William Tuke kuwa yana da shekara 83 ya ba da shaida a gabansa.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya biyo baya

Idanun Tuke sun mutu a shekarunsa na ƙarshe, amma bai daina bin al'amuran gidan ba. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1822, yana da shekara 90. Kafin rasuwarsa ya ji labarin Abokan Amurka sun buɗe irin gidansa kusa da birnin Philadelphia a 1817, Retreat kuma ya fara karɓar waɗanda ba 'yan Kweka ba. Bayansa, a 1839, likita John Conolly ya hana ɗaure majinyata gaba ɗaya a babban asibitin Hanwell mai ɗaruruwan mutane. A 1845 aka yi doka ta tilasta wa kowace gunduma tanadin asibiti, aka kuma naɗa masu zagayawa duba su. Zuriyarsa ta riƙe aikin har tsara huɗu, domin tattaɓa kunnensa Daniel Hack Tuke ya zama shahararren likitan wannan fanni.

Sai dai akwai darasi mai ɗaci a nan. Asibitocin da gwamnati ta gina sun yi ta kumbura har waɗansu suka haura mutum 2,000. Abin da ya yiwu a gidan mutum 30, inda shugaba ya san sunan kowa da tarihinsa, bai yiwu a can ba. Aka kwaikwayi gini da lambu, aka bar zumuncin, sai wuraren suka koma rumbunan ajiye mutane. Sai a ƙarni na 20 aka sake komawa kan abin da Tuke da Jepson suka gani. Jinya ta hanyar ba da aikin hannu, wadda yau sana'a ce mai zaman kanta, tana lissafa su cikin kakanninta. Masu jinya ta hanyar zama a saurari mutum a yi magana da shi sun tabbatar da bincike cewa amincin da ke tsakanin mai jinya da majinyaci yana cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi. Daga 1952 kuma aka sami magunguna masu kwantar da ciwon da gaske, abin da Fowler ya nema bai samu ba. A nan Nijeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Shi kuwa Retreat ya ci gaba da kwantar da majinyata har ƙarshen 2018, wato shekara 222.

Abin da ya rage gare mu

Da ma a ce mari ya zama tarihi. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton samun masu taɓin hankali a ɗaure a ƙasashe 60, Nijeriya na ciki. Rahotonta na 2019 a kan ƙasarmu ya ambaci asibitoci da gidajen masu maganin gargajiya da wuraren addu'a, na Kirista da na Musulmi. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka a takarda ba ta kwance ƙafar kowa, sai mutane sun tashi.

Mun sani sau da yawa ba mugunta ce ke sa iyali su ɗaure nasu ba. Gajiya ce da tsoro da rashin kuɗi da rashin sanin inda za a nufa. Shi ya sa nauyin ya wuce gida ɗaya, tsintsiya ɗaya ba ta shara. Tuke mai addu'a ne, amma ya ɗauki likita, ya kuma yarda a gwada kowane magani a ga amfaninsa. Haka mu ma, addu'a ba ta hana kai ɗan'uwa asibiti, akwai kuwa asibitocin wannan ciwo a Kaduna da Maiduguri da Kware da sauran wurare, kuma kai shi da wuri ya fi. Mu tuna da mutumin nan na ƙasar Garasinawa a cikin Bishara ta Markus sura 5, wanda sarƙoƙin mutanen garinsu ba su amfane shi da kome ba, wanda kuma Ubangiji ya mayar da shi gida wurin danginsa.

Labarin nan duka ya faro ne daga ziyarar da aka hana. Mu ba wanda ya hana mu. Saboda haka dattawan ikilisiya da zumuntar mata da matasa, a bincika a cikinmu: wace gwauruwa ce ta daina fitowa tun rasuwar mijinta, wane saurayi ne aka kulle a ɗakin baya, wace mai jego ce ta daina magana? A je a gaishe su da sunansu, a zauna a saurare su, a ci abinci tare da su, a taimaki iyalin da kuɗin mota da na magani, a kuma hana yara jifa da tsokana a kan hanya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, amin. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.